Waƙar da Ta Rasa Amshi

Rahila mace ce mai murya. A unguwar ma'aikatan asibitin mishan, inda take aikin wankin zannuwan majiyyata, kowa ya san ta, domin ita ke ba da waƙa a zumuntar mata. In ta buɗe baki ran Lahadi, har maƙwabta Musulmi masu wucewa gona sukan rage sauri. Sai dai Rahila tana da girman kai, kuma ta fi kowa jin daɗin muryar nan tata. A ganinta mai bayarwa ita ce waƙa, 'yan amshi kuwa cikon benci ne.

Babbar 'yar amshinta ita ce ƙawarta Abigail, matar Ezra mai gadin ƙofar asibiti. Tare suke wanki, kuma a bakin bahon nan suka haɗa waƙoƙinsu. Rahila ta jefa tambaya, Abigail ta nemo amsa, sauran mata su ɗauka.

A shekarar 1993 ekilisiyarsu ta rabe biyu a kan shugabanci. Manya ne suka yi faɗansu can sama, amma tsagar ta sauko har tsakar gidaje. Rahila ta bi ɓangare ɗaya, Abigail da yawancin tsofaffin matan suka tsaya a ɗayan. Abigail ba ta daina gaishe ta ba. Rahila kuwa sai amsawa a daƙile, har ta roƙa aka sauya mata ranakun aiki.

Bayan shekara guda Ezra ya rasu. Aka yi jana'iza a majami'ar su Abigail, aka yi zaman makoki kwana uku, Rahila ba ta taka ba. Ta ce ita ba ta shiga gidan 'yan tawaye. Daga baya abin ya riƙa cin ranta, tana kewar ƙawarta ƙwarai, amma kullum ƙafar ƙara nauyi take, har kunya ta toshe mata hanyar.

Bayan kakar 1996 dattawa suka kira taron yanki a Madawa, suka gayyaci ɓangarorin biyu ko Allah zai sa a daidaita. Aka zo daga Buza, da Kaita, da Azarori, wasu a kamiyo, wato babbar motar kaya, wasu a amalanke. Rumfa ɗaya aka kafa, amma da aka zauna sai ga fili a tsakiya wanda jaki da kayansa zai wuce bai taɓa kowa ba.

Da hantsin rana ta biyu aka ba matan ɓangaren Rahila fili. Ta zaɓi wata tsohuwar waƙarsu da Abigail, don 'yan can su ji abin da ya kuɓuce musu. Yelwa, wadda ke kaɗa mata tulu, ta jawo ta gefe.

"Yaya Rahila, wagga waƙa ba mu san amshinta ba. Ba ki taɓa koya muna ita ba."

"Amshi wani aiki na? Ku dai ku biyo ni."

Ta tsaya a gaban jama'a, ta ɗaga murya: "Wa ka raka ni in hanya ta yi nisa?"

Shiru. Waƙar tambaya ce, amsa take so, ba maimaici ba, kuma matan da ke bayanta ba su da ita. Ta sake bayarwa, tulun Yelwa ya yi ta bugu shi kaɗai. Mutum ya fi ɗari uku suna kallonta. A karo na uku muryar da take taƙama da ita ta karye. Tsoro ya kama ta, ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige.

Sai wata murya ta taso daga ƙetaren filin nan, 'yar siririya, tana rawa: "Makiyayi na nan, ba shi barin ta baya."

Abigail ce, a tsaye, ta rame. Mata biyu suka miƙe kusa da ita, sannan goma. Kafin baiti na uku matan bayan Rahila ma sun kama, rumfar duka ta ɗauka. Rahila ta kai waƙar ƙarshe hawaye na zuba.

Da aka tashi cin abinci ta ƙetare filin, ta durƙusa a gaban tabarmar Abigail.

"Na zo gaisuwar Ezra. Ya munka ji da haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya."

"Ki gahwarta mani. Mi yas sa kinka amsa, bayan abin da niy yi miki?"

Abigail ta kama hannunta. "Ƙawa, na san zahin kira ba amsa. Kwana ukku ina duban ƙohwa." Sannan ta ƙara da cewa, "Ezra ya bar wasiyya ki ba da wagga waƙa ranar da za a bizne shi. Amshin kaɗai munka yi mishi, ba mai bayarwa."

Rahila ta kifa kai a cinyarta ta yi kuka mai yawa, don ta san wannan ranar ba ta dawowa. Abigail ta bar ta sai da ta gaji, sannan ta turo kwanon tuwo tsakaninsu ta ce, "Wanke hannu, ya huce."

Dattawa ba su gama shirya manyan ba a wannan taro. Amma da aka watse, Rahila da Abigail kamiyo ɗaya suka hau, kuma waɗanda suka gan su sun koma gida da sa rai.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, girman kai rawanin tsiya ne, kuma duk baiwar mutum ba ta tsayawa sai da 'yan'uwansa. Kada saɓanin shugabanni ya hana ka taka ƙofar wanda ke cikin baƙin ciki, domin zumunta a ƙafa take. In ka yi kuskure, je ka nemi gafara tun yau. Mai haƙuri zai iya yafe maka, amma ba zai iya mayar maka da ranar da ka ƙi zuwa ba.