Hular da Kanta Ya Cire da Hagu

Akwai wani mutum a ƙasar Japan, Murase sunansa, wanda aikinsa shi ne nemo wa wani babban kulob ɗin besbol, wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, yara masu jifa. Daga wannan makarantar sakandare zuwa waccan yake yawo. Ya zauna a bayan raga da gorar shayinsa mai sanyi, ya zuba wa hannun yara ido. Abokan aikinsa kan zo da na'urar auna gudun ƙwallo, shi kuwa sai ya yi musu dariya.

"Ku yi ta fama da ƙarfenku," yakan ce. "Ni idona ya ishe ni."

Kuma gaskiya yana da ido, wannan ba wanda ya musa. Matsalarsa ita ce ya fi son sunansa a kan komai.

A wani ƙaramin gari na bakin teku ya gano Kanta Fujimaki, ɗan wani mai yin awara. Yaro ne siriri, marar magana, amma in ya saki ƙwallo da damansa sai dai mai bugu ya ji ƙararta a bayansa. Murase ya koma ofis yana cika baki.

"Wannan yaron nawa ne, ni na tono shi. In ba ku ɗauke shi a sahun farko na sababbin 'yan wasa ba, to ku karɓe kujerata."

Manajan kulob ɗin mutum ne da ya sha wuya a hannun masu jifa. Ya ce, "Murase, mun sha ɗauko yaro da ciwo a ɓoye, mu ƙare da zaryar asibiti. Zan zo wasan ƙarshe na gasar jiharsu in gani da idona. In bai yi jifa a ranar ba, a bar maganar."

Gasar bazara ba ta da tausayi. Wasa ɗaya aka ci ku, kun fita, kuma makarantar da ta ɗauki kofin jiha ita kaɗai ke zuwa gasar ƙasa. Kocin su Kanta, wani tsoho mai suna Kuroiwa, ba shi da mai jifa na biyu da ya yarda da shi. Don haka kowane wasa Kanta ne daga farko har ƙarshe, cikin zafin da gyare ma kuka yake yi.

Ranar wasan kusa da na ƙarshe suka yi nasara. Kamar kullum, 'yan wasan ɓangarorin biyu suka jeru suna fuskantar juna, domin su cire hula su sunkuya. Da dama ake cirewa, tun suna ƙanana haka aka koya musu. Kanta kuwa ya juyo ya kalli wajen raga, inda Murase ke zaune, sannan ya ɗaga hagunsa a hankali ya cire tasa.

Filin cike yake da mutane, amma Murase ne kaɗai ya lura. Nan take ya san ma'anarsa. Gwiwar hannun yaron ta kumbura har ba ta iya lanƙwasawa ta kai kansa.

Washegari ranar hutu ce. Da hantsi sai ga baban Kanta a masaukin Murase, riƙe da awara ƙunshe a ƙyalle. Hannuwansa duk sun tsattsage saboda ruwan sanyi. Ya sunkuya ya daɗe bai ɗago ba.

"Yallaɓai, ku yi haƙuri da na zo ba sanarwa. Yaron nan jiya da hagu ya ci abinci, tsinkayen cin abincin sai zubewa suke yi. Na tambaye shi, ya ce lafiyarsa ƙalau."

"To ai ka ji. Ya ce ƙalau yake."

"Ni na haife shi, Yallaɓai. Na yi wa koci magana, ya ce in koma wajen waken suyata. Amma ku yana jin maganarku. Kalma ɗaya za ku faɗa, a hutar da shi gobe. In kulob ɗinku ya fasa, ya fasa. Ni dai a bar masa hannunsa."

Murase ya karɓi awarar ya ajiye a gefe. Ya tuna manaja zai hau jirgin ƙasa gobe saboda maganarsa.

"Za mu duba," ya ce.

Duk wanda ya zauna a Japan ya san abin da "za mu duba" ke nufi. A'a ce cikin ladabi. Baban Kanta ma ya sani. Ya sake sunkuyawa, ya fita.

Akwai wata tambaya da ake yi wa yara a wasan nan, wadda ni kam na tsane ta. Babba ya tsaya a kan yaro ya ce, "Za ka iya?" Amsarta ɗaya ce tak. Yaron da aka tarbiyyantar a kan cewa gazawa abin kunya ne, ga abokansa da suka yi shekaru suna cin ƙura tare da shi, ta ina bakinsa zai buɗe ya ce a'a? Manyan sun san haka sarai. Suna tambayar ne don su wanke hannunsu.

Da rana Murase ya je filin atisaye. Bai ja Kanta gefe ba. A gaban koci da dukkan yaran ya tsaya, ya ɗaga murya.

"Fujimaki! Gobe manajanmu na zuwa takanas dominka. Za ka iya?"

Yaron ya kalle shi na ɗan lokaci. Sannan ya miƙe ƙyam.

"Zan iya!"

Koci Kuroiwa ya bushe da dariya. "Ka ji ko? Ni ba na kiwon ragwaye. Ɗan mai awara ne, amma shi ba awara ba ne."

Washegari Kanta ya yi jifa tun daga kukan jiniyar fara wasa har ƙarshe. A zagayen farko-farko ƙwallonsa wuta ce. Daga baya ta soma laushi, aka ci su da maki ɗaya. Manaja ya juyo.

"Yaron yana da kyau. Amma me ya same shi a ƙarshe?"

"Gajiya ce kawai, ranka ya daɗe."

Da likitan kulob ya ɗauki hoton gwiwar hannun, ya ce jijiyar ta soma yagewa, ɗaukarsa kasada ce. Murase ya taso masa. Ya ce duk mai jifan kirki in aka haska hannunsa sai an ga wani abu, hutun sanyi ɗaya zai warkar da shi. Sunansa ya rinjayi na likita, aka ɗauki Kanta, aka buga hotonsu tare a jarida Murase na washe baki.

A sansanin atisaye na farko jijiyar ta tsinke. Aka yi masa tiyata, bai warke daidai ba, aka sake yi. Bai taɓa jefa ƙwallo ko ɗaya a wasan ƙwararru ba, har aka sallame shi. Ya koma gida da hannun da ba ya kai cokali baki sai ya sunkuyo. Babansa bai daɗe ba bayan nan ya rasu.

Murase kuma aka mayar da shi sashen sayar da tikiti, a nan ya yi ritaya. Duk wanda ya tayar masa da zancen, amsarsa ɗaya ce.

"Ni na tambaye shi fa. Da bakinsa ya ce zai iya."

Shekaru suka tura. Murase ya tsufa, matarsa ta rasu, ba abin da ya rage yana sa shi murmushi sai jikansa Keigo, ɗan 'yarsa Sachie da ke aure a arewacin ƙasar. Keigo mai jifa ne. Murase bai taɓa zuwa kallon wasansa ba, yana fakewa da ciwon ƙafa. Gaskiyar ita ce ya san sunan kocin makarantar. Kanta Fujimaki ne, wanda ya koma karatu ya zama malami.

Wata bazara Sachie ta kira shi a waya.

"Baba, sun kai wasan ƙarshe, jibi ne. Keigo ya kasa ɗaure maɓallin wuyan rigarsa da safe, sai ni na ɗaure masa. Ya ce in na faɗa wa kowa ba zai sake yi mini magana ba. Makarantar ba ta taɓa kai wa nan ba, garin duk ya haukace. Baba, ku da kuka san mutanen wasan nan, ku zo ku yi wa koci magana."

Murase ya kama hanya. A cikin jirgi tunani ɗaya ke cin sa. Ga jikansa a hannun mutumin da ya nakasa, kuma mutumin ba sai ya yi wani mugun abu ba. Tambaya ɗaya kawai zai yi wa yaron a gaban jama'a.

Ya sami Kanta a bakin filin atisaye. Kanta ya yi ƙiba kaɗan, furfura ta soma fito masa, damansa a maƙale a gefe. Murase, wanda bai saba sunkuya wa na ƙasa da shi ba, ya sunkuya har bayansa ya amsa.

"Koci, ni ne kakan Keigo."

"Na sani, Yallaɓai. Tun ranar da ya shigo makarantar nan na sani."

"Hannunsa ba lafiya. Ina roƙon ku, ku hutar da shi gobe. Abin da ke tsakaninmu, yaron ba ruwansa."

Kanta ya dube shi, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Za mu duba," ya ce, ya juya wajen yaransa.

Murase ya bi shi da kallo. Ya san kalmar, tasa ce aka mayar masa.

Washegari ya zauna a bayan raga, a irin wurin da ya yi rayuwarsa. Aka soma kiran sunayen 'yan wasa a lasifika. Da aka zo kan mai jifa, sai aka kira wani yaro ɗan aji ɗaya da ba wanda ya sani. Filin ya ɗauki guna-guni. Wani mutum a bayan Murase ya miƙe.

"Ina Keigo? Kai koci, ka sayar da mu ne?"

Aka yi musu cin kaca. Tun a zagaye na uku wasan ya ƙare a zahiri, amma Kanta bai ko kalli inda Keigo ke zaune ba. Tsofaffin ɗalibai suka yi ta zaginsa, wasu na cewa bana ce shekararsa ta ƙarshe a makarantar. Kuma haka aka yi, kafin sanyi ya shigo an sauke shi daga koci.

Amma wannan daga baya ne. A ranar, bayan an watse, Keigo ya fito idanunsa jawur ya faɗa jikin kakansa.

"Kaka, zan iya fa! Da ya tambaye ni da na ce masa zan iya! Ko tambayata bai yi ba!"

Kanta na tafe a bayansa da jakar ƙwallaye a kafaɗar hagu. "Je ka shiga mota, Keigo. Gobe mamarka za ta kai ka asibiti. Ka ji haushina yadda kake so."

Yaron ya wuce yana sheshsheƙa. Suka rage su biyu. Murase ya buɗe baki zai yi godiya, Kanta ya riga shi.

"Ba don ku na yi ba. Tun ranar wasan kusa da na ƙarshe na yanke. Ni ba na yi wa yarana wannan tambayar, hannunsu nake kallo." Ya gyara jakar a kafaɗarsa. "Yallaɓai, akwai abin da na daɗe ina son sani. Ranar nan da muka jeru, kun ga hular?"

Murase ya so ya ce bai gane ba. Bakinsa ya ƙi.

"Na gani."

Kanta ya gyaɗa kai. "Da na cije, da na cire ta da dama ko da zan suma. Da gangan na yi. Bakina ba zai iya faɗa ba, to na ji ana cewa ba abin da ke wuce idonku. Na ce a raina, mutumin nan zai gani, zai cece ni. Da na hango ku kun shigo filin atisaye washegari, har na ji sanyi a raina. Na ɗauka abin da ya kawo ku ke nan."

Amsar da Murase ya yi shekaru yana ba mutane ba ta da sauran amfani a gaban Kanta.

Kanta ya ajiye jakar a ƙasa. Ya haɗa ƙafafunsa kamar yadda aka koya masa tun yana yaro, ya ɗaga hagunsa ya cire hularsa, ya sunkuya wa tsohon. Sannan ya ɗauki jakarsa ya nufi motar da yaransa ke jiransa.

Darasi: Idan ka riga ka ga halin da na ƙasa da kai yake ciki, kada ka yi masa tambayar da ka san kunya ko tsoro ba za su bar shi ya amsa da gaskiya ba. "Ai shi ya ce zai iya" ba ya wanke wanda ya gani ya kau da kai. Iyaye, malamai, masu gida da shugabanni, ku riƙa duba hannun yaranku kafin ku saurari bakinsu. Ku tura wannan labari ga duk wanda ke da wani a ƙarƙashinsa, wataƙila akwai yaron da ke cire hularsa da hagu a gabansa yau.