Dutsen da Kubra Ta Rasa Inda Za Ta Ajiye

Akwai wata yarinya a unguwar Hajj Yusuf da ke Khartum, a ƙasar Sudan, sunanta Kubra. Kullum sai ta haye gada zuwa wata sakandare ta 'yan mata a Omdurman. Ga ƙoƙari, ga tsafta, amma fa akwai girman kai. Da zarar motar ta hau gada, Hausa ta mutu a bakinta, sai Larabci zalla, don kada a ce mata Bafallatiya, sunan da ake kiran irinsu Hausawa da shi a can.

Wata rana Ustaza Ni'mat, malamar tarihi da labarin ƙasa, ta ba su aiki. Kowacce ta ɗebo laka a bakin kogin Nilu, ta gina taswira a kan faifan katako, ta shimfiɗa jan zare a kan hanyar da danginta suka biyo har suka iso Khartum.

"Ba na son abin littafi," in ji Ustaza. "Ku je ku tambayi tsofaffinku."

Da Gogo Barira, kakar Kubra, ta ji wannan, baiwar Allah har rawar jiki take yi. Ita da ƙafarta ta tako daga ƙasar Haɗeja tana ƙarama, ita da iyayenta, da niyyar Makka. A hanya zazzaɓi ya ɗauke mahaifiyarta, aka rufe ta a wani ɗan ƙauye. Gogo ta ɗauko ƙaramin dutse daga kan kabarin, kuma tun ranar yana ƙulle a bakin zanenta.

Ta sauko daga gadon igiya, ta share ƙasar tsakar gida da tafin hannu, ta fara ja da yatsa.

"Zo ki gani, 'yar nan. Nan Kukawa. Nan Abeshe. Nan Junaina. To, a tsakanin nan da Fashir akwai wani ƙauye, nan Innata take kwance. Ki ɗora dutsen nan a wurin, ko wani ya gani ya yi mata addu'a. Sunan ƙauyen..."

"Halas, ya isa haka, ya Gogo!" Kubra ta katse ta. "So kike a yi mini dariya a aji? Mu 'yan nan ne."

Ta bi ta kan zanen da silifa ta wuce abinta. Wallahi da silifa!

Gogo ta mayar da dutsen bakin zane, ta ɗaure, ta koma kan gadonta.

Kubra ta gina taswira mai kyau, kogi ya sha shuɗin fenti. Ta ja ɗan guntun zare zuwa Khartum daga Shandi, wani garin Larabawa a arewa da ko a mafarki ba wanda ya taɓa zuwa a gidansu.

Ranar nuni, wata ɗaliba mai suna Bakhita ta fito da tata. Lakar duk ta tsattsage, amma zaren ya taso tun daga can kudu. Ta nuna inda kakanta ya yi noma, da inda yunwa ta kore su, da inda aka haifi babanta a gindin bishiya. Babu wadda ta yi dariya a ajin, wasu ma hawaye suke sharewa.

Da aka zo kan Kubra, Ustaza ta ce, "Wa ya ba ki labarin Shandi?"

Kubra ta sunkuyar da kai.

"Ma'alesh, ba komai, 'yata," in ji Ustaza a hankali. "Koma da shi gida. Ki zauna da babba, ki kawo mini bayan hutu."

Kunya ta kama ta sosai. To amma girman kai ba ya sakin mutum da sauƙi. Ta ga Gogo zaune tana ɓarar gyaɗa, ta ce a ranta, sai gobe. Goben ta zo, ta ce jibi.

Ana cikin hutun, wata safiya Gogo ta faɗi wajen alwala. Ɓarin jikinta ya shanye, harshe ya karye.

Kubra ta durƙusa gaban gadon da tiren yashi a hannu, tana kuka, tana magana da Hausar da ta daɗe tana ɓoyewa.

"Gogo, don Allah ki yafe mini. Zana mini. Faɗa mini sunan ƙauyen."

Tsohuwa ta yunƙura. Leɓe ya motsa, sauti bai fito ba. Yatsan ya ɗan ja layi a yashin, ya zame. Sai hawaye kawai ke gangara mata zuwa kunne. Da ɗaya hannun ta lalubo bakin zane, ta tura wa Kubra ƙullin dutsen.

Kubra ta ruga wurin babanta, Zubairu, makaniki a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ta tambaye shi sunan ƙauyen. Ya goge hannu, sannan ya ce, "Ta sha faɗa mini. Wallahi ban taɓa riƙewa ba. Na ɗauka kullum tana nan."

Kafin a koma makaranta, Gogo ta rasu.

Kubra ta sake gina taswira, da dogon zare tun daga Haɗeja. Ta tsaya gaban aji ta ce, "Ni Bahaushiya ce. Kakata da ƙafa ta zo." Ta kira Kukawa, ta kira Abeshe, ta kira Junaina. Sai ta kwance dutsen, ta riƙe shi a saman lakar, hannunta na yawo tsakanin Junaina da Fashir.

"Ɗora mana," in ji Ustaza.

"Ban san wurin ba, Ustaza," in ji Kubra. "Ta zo faɗa mini, na taka da takalmi."

Darasi: Kada ka ji kunyar asalinka, kuma kada ka ce wa tsoho "sai gobe" idan ya buɗe baki zai ba ka labari, don akwai abin da in ya tafi da shi babu littafin da zai dawo maka da shi. In kana da tsoho a gida, je ka zauna kusa da shi yau. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta, kuma ku sa Gogo Barira da mahaifiyarta a addu'a.