Kwazazzabon Namadi

Akwai wani manomi a wani ƙauye na ƙasar Tambuwal, sunansa Namadi. Shi da amininsa Ladan tare suka yi kiwon awaki suna yara, kuma tare suka nemi takarar kansila. Jam'iyya ta tsayar da Ladan, ya ci zaɓe.

Namadi ya je ya yi masa murna, amma a baki ta tsaya. Tun daga ranar, da ya ji an ce "Honarabul" sai tuwo ya fita ransa.

Ƙauyen yana da wani ɗan rafi da ke yanke hanyar kasuwar Dogon Daji duk damina. Shi kuwa kansila ba ya yin aiki da kansa. Nasa shi ne ya kai koken mazaɓarsa zauren majalisa, ya shawo kan sauran kansiloli su sa shi a kasafin shekara, sannan shugaban ƙaramar hukuma ya turo ma'aikata. Ladan ya yi ta safa da marwa har aka amince a gina kwalbati.

Injiniyoyi suka zo suka auna, suka ce dole a bi da ruwan ta gefen gonar Namadi.

To, mutanen garin suna da wata al'ada. Duk aikin da aka yi, da sunan wanda ya kawo shi ake kiransa. Sambo ya daɗe a kabari, amma kullum sai an ambaci Rijiyar Sambo. Ko tubali ba a aza ba, Namadi ya ji mutane sun fara cewa "Gadar Ladan". Ya ji kamar an zuba masa garwashi a ƙirji.

Ladan ya same shi a gona, ya ce, "Namadi, ɗan gefe ɗai aka so. In an yi aikin ga, gonakka ita ka fara tsira."

Namadi ya ce, "Honarabul, gadon ubana na. Ko taki guda ba ni badawa."

Da ya koma gida, matarsa Sharifa ta ce, "Malam, wai mi Ladan yay yi maka?"

Ya ce, "Mi yaf fi ni da shi? Ni da gonata, sannan jikokina su tashi suna kiran sunanai? Aradu ba a yi!"

Majalisa ba ta jiran mazaɓar da ke rigimar fili, don wasu na kan layi. Wani kansila ya miƙe ya ce su filinsu a shirye yake. Aka ɗaga hannu, aikin ya koma can. Ladan ya dawo jiki a sanyaye. Namadi kuwa ranar har ƙarin tuwo ya nema.

Damina ta sauka da ƙarfi. Ruwa ya fara cin gefen nan da ya hana, bai nemi izinin kowa ba. Kafin kaka ya tafi da rabin gonar, har da geron da ya fara kai.

Ladan ya zo jaje, ya ce zai sake kai maganar majalisa, sai dai ramin yanzu ya fi ƙarfin kwalbati.

Wata ranar kasuwa Namadi ya tare ɗan kabu-kabu a Dogon Daji zai koma gida. Mai babur ɗin baƙo ne, bai san shi ba. Ya ce, "Hau, Baba, amma Kwazazzabon Namadi nika tsayawa. An ce wani mai baƙin ciki na yaj ja ma garinsu."

Namadi ya hau, bai ce uffan ba. Da suka isa bakin ramin, ya sauka ya tsallaka da ƙafa kamar kowa.

Darasi: Aikin da kansila ya kawo ba nasa ba ne, na garinku ne. In ka tare shi don kada a yabi wani, da kai za a sha wahalar, kuma sunan da za ka bari ba wanda kake so ba ne. Ku tura wa 'yan mazaɓarku su ma su karanta.