Kurege Shugaban 'Yan An Jima

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, Baba, ko doguwa ce.

To, kowa ya kifa wayarsa. Kai Tanimu, da kai nake.

A wani daji can, da aka kai musu wutar lantarki, sai dabbobi suka shiga sayen kwamfuta. Wannan ya saya, wancan ya saya, har ya zama wanda ba shi da ita ba a shimfiɗa masa tabarma a wurin ɗaurin aure. Hajiya Giwa tana da ita, ƙatuwa kamar ƙyauren zaure, da ita take odar rake daga kasuwa. Kura tana da ita, da ita take odar kilishi. Malam Biri yana da ita, shi kam ba ya komai da ita sai kallon hotunan kansa. Duk abin da aka yi oda Jaki ne mai kaiwa gida-gida. Shi kuwa Jaki adireshin da ya gani shi yake bi, ba ya tambaya.

Masu ƙera manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin nan kuwa tururuwa ne, suna can wani gari mai nisa. Ba sa barci, ba sa hutu, kullum neman inda manhaja ta ɓule suke yi su toshe, don kada ɓarawo ya shiga. In sun haɗa abin toshewa sai su aiko. Sai ka ga saƙo ya faɗo a allo: "Sabuntawar tsaro ta iso. A sake kunna kwamfuta yanzu, ko an jima?"

Saƙon nan kuma bai san lokacin zuwa gidan mutane ba.

Ran nan Hajiya Giwa tana kallon bidiyon bikin jikarta, an kai daidai inda za ta ga kanta tana liƙi, sai ga saƙo. Ta kai hanci za ta danna "An jima", hanci ya yi girma, ya danna "Yanzu". Allo ya yi shuɗi. Wani ɗan zobe ya kama juyawa, ƙarƙashinsa an rubuta: "Ana sabuntawa. Kada a kashe." Ta zauna. Zobe na juyawa, tana zaune. Aka yi azahar, aka yi la'asar, zobe na juyawa. Da kwamfuta ta farfaɗo, sai firinta ta ce ita ba ta san ta ba, ba su taɓa haɗuwa ba.

Kura ita ma aka sabunta tata, ta duba inda take danna kilishi, babu. An mai da shi wata kusurwa. Ta wuni tana nema tana kuka, ta yi azumin da ba ta yi niyya ba.

Malam Biri kuwa ba shi da haƙuri. Zobe na juyawa, ya ce shi ba za a yi masa wannan iya shegen ba, ya fizge waya daga bango. Shi ke nan. Kwamfuta ta mutu. Aka kunna, ba ta tashi ba. Aka yi mata fifita, aka tofa mata addu'a, ba ta tashi ba. Hotunansa duk suka tafi. Dabbobi suka yi ta zuwa ta'aziyya, tun daga nan kowa ya riƙe a ransa: in zobe na juyawa, ko gobara ake yi, ba a kashewa.

To, akwai Kurege. Kun san shi da haƙa. Shi da ya sayi kwamfuta bai yi kallon komai ba, haƙa ya kama yi a cikin manhaja, har ya sami wani ɗan rami. Ta ramin nan yake zurawa cikin kwamfutar kowa, ya goge adireshin mai oda, ya sa nasa. Hajiya Giwa ta yi odar dami, sanda guda ta ɓace. Kura ta yi odar kilishi, falle guda ya ɓace. Kowa ya ɗora wa kasuwa laifi. Kurege na ta ƙiba, matarsa Ladingo na ta sheƙi.

Ana nan, ana nan, sai Kurege ya ji labari cewa sabuntawa mai zuwa ramin nan nasa za ta toshe.

Ya ce, "Ladingo, an taɓa mana tukunya."

Ta ce, "To ka koma haƙar gyaɗa mana, kamar ubanka."

Ya ce, "Ubana da ciwon baya ya mutu."

Sai ya fita dandali, ya hau kan suri, ya yi gyaran murya.

"Jama'a! Kwamfutarku ce ko ta tururuwa?"

Suka ce, "Tamu ce!"

"To don me za a shigo maka ɗaki ba sallama, a jujjuya maka kaya, a raba ka da firintarka? Hajiya, ke ba uwa ba ce? Aka zaunar da ke wuni guda kina kallon zobe!"

Hajiya Giwa ta ce, "Wallahi ɗan nan, har ƙafata ta yi tsami."

"Ku ba ku sani ba, sabuntawar nan tsufar da kwamfuta take yi don ku sayi sabuwa. Data take sha. Caji take tsotsa. Ni da idona na ga wani damo a ƙauyenmu, ya danna 'Yanzu' da safe, kafin la'asar wutsiyarsa ta guntule!"

Kowa ya waiga ya duba tasa.

"To in saƙo ya zo, me za mu danna?"

"An jima!"

"In ya dawo fa?"

"An jima!"

"In ya roƙe mu don Allah?"

"An jima!"

Kunkuru ne kaɗai ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ni dai ban ga laifinta ba. Zoben nan yana burge ni. A duk garin nan shi kaɗai ne ba ya ce mini in yi sauri."

Aka kore shi daga taro. Har aka tashi bai kai bakin dandali ba.

Nan take aka kafa Ƙungiyar 'Yan An Jima, aka naɗa Kurege shugaba, aka ɗinka masa hula. Saƙo ya zo, an jima. Saƙo ya dawo, an jima. Rami na nan buɗe, Jaki na ta sintiri zuwa bayan kuka, inda gidan Kurege yake.

Amma Kurege da ya koma gida, sai ya rufe ƙofa, ya buɗe tasa kwamfutar, ya shiga inda ake zaɓa wa sabuntawa lokaci.

Ladingo ta ce, "A'a, Shugaba! Kai da ka hana mutane?"

Ya ce, "Ke, ni na san irin miyagun da ke shiga ta ramin nan."

Ta ce, "Su wa?"

Ya ce, "Ni mana. In ni na gano shi, wani ɗan iskan ma zai gano."

Ya sa mata ranar Asabar da la'asar, lokacin da ya saba barci, ya rufe, ya manta.

Ana nan, ana nan, sai 'yan ƙungiya suka ce ya kamata a yi walima, a yi murnar 'yanci. Aka sa ranar Asabar a zauren Hajiya Giwa. Shugaba zai yi lacca da majigi a kan illolin sabuntawa, bayan nan a ci abinci. Hajiya Giwa ta zauna ta yi oda: rake dami-dami, kilishi tire-tire, ayaba, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, alkaki, da tulunan zuma.

Kurege ya leƙa ta raminsa ya ga oda. Yawu ya tsinke masa.

Ya ce, "Zan ɗan taɓa gyaɗar kawai."

Ya taɓa gyaɗa. Ya ce, "Gyaɗa ba zuma ai ba ta tafiya." Ya taɓa zuma. Ya ce, "Zuma ba alkaki ai an raba 'yan'uwa." Ya taɓa alkaki. Kafin ya ɗaga kai, oda gaba ɗaya ta koma bayan kuka.

Ladingo ta ce, "Malam, gidan nan ba zai ɗauka ba."

Ya ce, "Ki fitar da gado."

Asabar ta zo. Zaure ya cika maƙil. Kowa ya ƙi cin abincin rana don ya bar wa walima wuri, Kura kuwa tun daren Juma'a ba ta sa komai a baki ba. Aka rataya farin zane a bango, Kurege ya haɗa kwamfutarsa da majigi, ya karkata hula.

"Illa ta farko," in ji shi, "sabuntawa tana raba miji da mata."

Aka yi tafi. Kura ta ce, "Shugaba, abinci fa?"

"Yana hanya. Illa ta biyu, tana sa furfura."

Aka yi tafi, amma bai kai na farko ba. Cikin Hajiya Giwa ya yi ƙugi har zane ya motsa.

"Illa ta uku, duk wanda kuka ga ya sabunta, to munafuki ne, ɗan koren tururuwa, a yi masa..."

Sai ladan ya kira la'asar. Sai zane ya yi shuɗi. Sai ga zobe, ƙato kamar faifai, yana juyawa a bango gaban kowa: "Ana sabuntawa, kamar yadda ka zaɓa. Kada a kashe."



Malam Biri ya ce, "Shugaba, kamar yadda wa ya zaɓa?"

Kurege ya ce, "Kun gani ko? Kun ga sharrinsu? Har ƙazafi suke yi wa mutum!"

Da abin ya tsaya nan, da ya sha. Sai ga Jaki ya yi sallama, gumi sharkaf, tulunan zuma biyu a bayansa.

Ya ce, "Shugaba, a gafarce ni. Uwargida ce ta aiko ni. Ta ce ɗaki ya cika, madafa ta cika, ta fitar da gado, kilishi har bakin ƙofa. Ta ce zumar nan ina za a sa ta?"

Kura ta ce, "Wane kilishi?"

Jaki ya ce, "Na walima mana. Ai can ake kaiwa, bayan kuka. Can na saba kai na Hajiya, can na saba kai naki."

Kurege ya yi tsalle zai bi ta taga, Kura ta cafe shi a sama. Ta danne shi da dagi, ta buɗe baki.

Hajiya Giwa ta ce, "Kashe shi! Rakena!"

Malam Biri ya ce, "Kashe shi!"

Zaure duk ya ɗauka, "A kashe shi! A kashe shi!"

Sai Kurege ya sandare. Ya miƙe ƙafafu. Ya kama juya idanu, yana juyawa, yana juyawa, wutsiya ma na kewayawa. Ya maƙale murya ya ce, "Ana sabuntawa. Kada a kashe."

Kura ta tsaya da baki buɗe. Ta ce, "Me ya ce?"

"Ana sabunta halin Kurege. Ana cire sata. Ana saka amana. Kada a kashe."

Malam Biri ya dafe kai. Ya ce, "Kura, don girman Allah ɗaga dagin nan! Ni na san abin nan. In kika kashe shi a tsakiya, komai zai tafi. Rake zai tafi, kilishi zai tafi, ko hotonsu ba za mu gani ba!"

Kura ta janye dagi a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

Suka kewaye shi suka zauna. Idanu na juyawa, suna zaune. Can Hajiya Giwa ta ce, "Ɗan nan, ya kai ina?"

"Talatin cikin ɗari."

Suka jira. Rana ta yi ƙasa. Kura ta ce, "Yanzu fa?"

"Talatin cikin ɗari."

Hajiya Giwa ta ce, "Haka yake yi. Nawa ma a nan ya daɗe."

Can sai Kurege ya ce, "An kusa gamawa. Sai an sake kunnawa. A sa Kurege a wuri mai duhu, zai fito sabo."

Suka ɗauke shi cak, suka kai shi bakin wani rami a gindin katanga, suka zura shi da bismillah. Suka zauna jiran sabon Kurege.

Shi kuwa ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, ya ɓulla bayan kuka, ya ce, "Ladingo, ɗauki abin da kika iya!" Suka cika buhu da gyaɗa, suka tsallake rafi. Sai da Kunkuru ya iso walima, ya tarar da 'yan ƙungiya zaune sun zuba wa rami ido, ya tambayi abin da ake jira, suka faɗa masa, sannan suka ji da kunnensu yadda maganar take in an faɗe ta.

Suka ruga bayan kuka. Abinci na nan, Kurege ba ya nan. Suka ci walima a tsaye, ba mai duban wani.

Washegari aka rushe ƙungiya. Kowa ya sabunta, rami ya toshe. Aka yi sabuwar doka: duk saƙon da ya ce sabuntawa, a danna "Yanzu", ba tambaya, ba karantawa. Wanda ya tsaya karantawa ma ɗan koren Kurege ne.

Bayan kwana biyu sai ga saƙo a allon Hajiya Giwa, da jan rubutu: "Sabuntawa ta musamman, ta manyan mata kawai. Rubuta lambar sirrinki a nan. Mun gode. Naki, Tururuwa."

Ta ce, "Ka ga yaran kirki, har sun koyi gaisuwa." Ta rubuta, ta danna "Yanzu".

Da yamma aka hangi Jaki yana tsallaka rafi da damin rake.

Ƙurunƙus kan gafiya mai dogon gashin baki! Darasin kuwa, yara, in za ku yi sata ku fara auna girman ɗakinku, kuma kada ku bari a aiki Jaki. Ku tashi ku kwanta. Wanda ya ce mini "an jima" zai sha rankwashi yanzu.