A Jefa Kawai!

Harisu shi ne mai kula da lodi a siton Alhaji Badamasi, babban ɗan sarin kayan famfo da na gini a Ƙanƙara. Daga can ake kai wa masu shaguna kaya har Faskari da Sabuwa. Ba shi da ƙyuya, ba ya taɓa kayan kowa. Aibinsa ɗaya ne, gaggawa, ga kuma son a ce da shi sannu da ƙoƙari.

Kafin zuwansa, 'yan dako hannu da hannu suke miƙa bututun roba, na kan mota ya karɓa ya kwantar da shi a hankali. Harisu ya ce wannan ɓata lokaci ne.

"Ƙwai ne? A jefa kawai!"

Lawwali, babban 'yan dakon, ya ce, "Malam Harisu, roba ce fa, tana iya tsagewa ido bai gani ba."

"In ka gaji ka tafi gida. A jefa!"

Aka shiga jifa, ƙarar bututu har bakin titi. Motoci kuwa suka riƙa fita a kan kari, Alhaji ya yaba masa a gaban jama'a. Kai, ranar Harisu ko ƙasa ba ya gani don daɗi. Har 'yan dako suka laƙaba masa suna A-Jefa, shi kuma yana amsawa da murmushi.

Ana nan sai mutanen 'Yargoje, garin su Harisu, suka haɗa ƙarfi suka haƙa rijiyar burtsatse da tanki, domin matan unguwarsu su huta da doguwar tafiya zuwa tsohuwar rijiya. Saura bututun da zai kawo ruwan cikin unguwa. Mahaifiyarsa, Hajaratu, ita ta hana a je wani wuri saye. Gida gida ta bi tana cewa, "Ga ɗana can kan kayan, mi za ya kai mu nesa?"

Kawunsa Malam Nata'ala ya zo da kansa. Ranar motoci sun yi layi, Harisu na son ya sallame su duka kafin la'asar. Kayan garinsu ma bai ce a sassauta ba. Jifa aka yi, kamar kullum.

Aka haɗa bututu, aka binne. Ranar buɗewa Harisu ya zo cikin sabuwar shadda, aka ba shi kujera a gaba. Mata sun jera jarkoki, mahaifiyarsa ce a farkon layi. Liman ya yi addu'a, aka sako ruwa daga tanki, aka murɗa kan famfo.

Famfo ya yi tari, ya fesa iska, ya yi shiru.

Can sai aka ga ƙasa tana jiƙewa a bayan masallaci. Wani wurin ma ya jiƙe, ga wani can kusa da turken awaki. Matasa suka kawo fartanya suka tone. Mai haɗa famfon ya ɗago bututu, ya bi tsagar da yatsa.

"Wanga ba haɗina ba ne, jama'a. Buguwa ce. Wani ya yi jifa da su."

Malam Nata'ala, wanda a gabansa aka yi lodin, ya juyo ya dubi Harisu. Wallahi da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Harisu ya ji shaddar ta yi masa nauyi, ya rasa inda zai sa idonsa don kunya. Ya tashi ya nufi mahaifiyarsa.

"Inna, ni zan sake..."

Tsohuwar ta sunkuya ta ɗauki jarkarta. Matan da ta bi gidajensu tana yabon ɗanta duk suna tsaye suna kallo.

"Matsa in wuce, Harisu," in ji ta a hankali. "Rijiyar da nisa."

Ya matsa. Matan suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya.

Mai karatu, yawan motocin da suka fita ba shi ne aiki ba. Aiki shi ne kaya su isa lafiya su yi amfanin da aka saye su dominsa. Duk abin da ka sallama da gaggawa, akwai wanda zai karɓe shi a can ƙarshen hanya, kuma ba ka san ranar da mai karɓar za ta zama mahaifiyarka ba.