Kurege da Zaren da Bai Tsinke Ba

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

Kurege ne ya sauka wani gari yana cika baki, wai tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa manta inda ya binne ƙwayar gyaɗa ba. To, garin nan ramukan ajiya ba su da yawa. Kunkuru ke raba su, ga shi ya tsufa, ana neman magajinsa. Kurege ya ce ai an samu.

Kunkuru ya ce, "Yaro, can garinku Ungulu ke bin bayanku tana kwashe abin da kuka yasar. Nan ba mu da mai shara. In ka karɓi rami, zan ba ka zaren da zai kai ka bakinsa. In ka gama, ka maido ramin da kanka, ka tsinke zaren."

Kurege ya ce, "Baba, wannan ai wasan yara ne."

Sai ya karɓi rami, ya zuba gyaɗa, ya cinye ta, bai maido ramin ba. Ya karɓi wani, ya ƙara wani. Zomo ya zo da wake niƙi-niƙi, aka ce babu wuri, alhali ramuka goma na nan wayam a hannun Kurege. Aka tambaye shi, ya ce, "Iska nake tarawa saboda bazara."

Sai aka matsa masa, ya shiga maido da ramukan. Don ya burge, wani ramin ma ya maido shi sau biyu, safe da yamma. Kunkuru ido ya yi rauni, ya ba Kwaɗo ramin, ya kuma ba Ɓera shi. Aka wuni ana dambe a ciki. Kurege ya ce, "Zumunci na ƙulla musu."

Zaren kuwa ko ɗaya bai tsinke ba, wai asara ce. Ya ɗaure su duka a wutsiya.

Ranar naɗi Kunkuru ya ce, "Ɗauko goron da ka ce ka ajiye wa jama'a."

Sai Kurege ya ja zare guda, gari na biye da shi. Ya rufe ido don nuna gwaninta, ya zura hannu har kafaɗa. Ashe ramin tuni ya maido shi, an ba Bushiya tana jego a ciki. Hannu ya fito kamar tsintsiya.

Kunkuru ya ce, "Goron garinku da ƙaya yake fitowa?"

Kurege ya haɗiye kuka, ya ce, "Barka na zo yi."

Bushiya ta leƙo, ta ce, "Barka hannu wofi, ba ko sallama?"

Aka kwashe da dariya, aka naɗa wa Zomo rawanin, Kurege na tsaye yana cirar ƙaya da haƙori.

Masu rubuta wa kwamfuta umarni, ku ma akwai irin garin nan a cikinta. Inda babu mai shara, wurin ajiyar bayanan da kuka karɓa ku maido shi sau ɗaya tak, kuma kada ku sake bin tsohon zare.

Ƙurunƙus kan wutsiyar Kurege.