Zalɓe da Ragar Kakarsa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Zalɓe ne, mai ganin ya fi kowa wayo, ya gaji ragar kamun kifi ta kakarsa a bakin teku. Da ya jefa ta, sai ya ga idanunta manya-manya ne, ƙananan kifaye suna ta sulalewa. Ya ce, "Tsufa ne ya hana Kaka gyara ragar nan." Ya zauna ya tsuke idanun tsaf, ko ƙwan kifi ba ya wucewa.

Shekarar nan ya ci ya yi ɓul-ɓul. Da shekara ta zagayo, ya jefa raga ya jawo, ba komai sai ciyawa.

Ya tafi wurin Kada. "Yallaɓai, kai ka cinye mana kifi?"

Kada ya ce, "Dube ni da kyau. Ka ga alamar ƙoshi?"

Ya wuce wurin Ƙaguwa, tsohuwar ƙawar kakarsa. "Iya, an yi mana sata. Manyan kifayen nan ina suka shiga?"

Ta ce, "Ɗan nan, ƙananan da ka kama bara fa?"

"Na soye su. Amma ni manya nake tambaya."

"Ai su ne manyan bana."

Zalɓe ya karkata kai. Can ya ce, "Waɗancan da ko ɗan yatsa ba su kai ba? Iya, ke ma tsufan ya taɓa ki."

Ya koma ya ƙara tsuke raga. Shi ya sa har yau za ku gan shi tsaye da ƙafa ɗaya, ya zuba wa ruwa ido, yana jiran ɓarawo.

Ƙurunƙus kan ɗan kifin da ya tsira.